Jaririna ya zo da lanƙwasasshiyar ƙafa: sai an ɗauki hoton ƙashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. An haifi ɗana tafin ƙafarsa ya juya ciki, likita ya fara ɗaurin filasta ba tare da hoto ba. Hakan daidai ne?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Daidai ne, domin yawancin ƙasusuwan ƙafar jariri guringuntsi ne, hoton ƙashi ba ya nuna su sosai. Da ido da hannu ake gane matsalar, sannan a bi hanyar Ponseti, wato a riƙa miƙar da ƙafar a hankali ana sauya filasta mako-mako.

Amsa ta 2: Hoto yana da amfani idan ƙafar ta ƙi miƙewa ko ta sake lanƙwashewa bayan gyara. Ki dage da takalmin gyaran da ake sa wa yaro bayan filasta har ya kai shekara 4, Allah ya ba shi lafiya.