Ɗana yana koyon addini daga talabijin, ni kuma ban tashi a gidan da ake karantar da shi ba

Baban Salim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki nake nema, ba fatawa ba. Mahaifina yana cikin malaman Jami'ar Ahmadu Bello da suka rungumi ra'ayin gurguzu a shekarun 1980, kuma a gidanmu na Samaru addini bai wuce ɗinkin Sallah da yankan rago ba. Ba a hana kowa salla ba, ba a kuma tashin kowa da asuba. Matata ma irin tarbiyyar da ta samu ke nan, a kan haka muka reni 'ya'yanmu a nan Kaduna. Babban ɗanmu, mai shekara 13, ya yi dogon hutu a gidan gwaggona inda tashar wa'azi take kunne tun safe har dare, ya dawo yana salla a kan lokaci, kuma wallahi na ji daɗin hakan. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, duk saninsa daga akwatin talabijin ne da gajerun bidiyoyin waya, har ya fara yanke wa mutane hukunci. A makon jiya ya hana ƙanwarsa cin abincin da maƙwabciyarmu Kirista ta aiko, ni kuma ba ni da ilimin da zan amsa masa. Ba zan cire satalayit ba, ba zan kai shi makarantar kwana ba. Tsakanin ɗauko malami ya riƙa zuwa gida da sa shi a Islamiyyar yamma, wanne ya fi dacewa, kuma nawa kuke biya?

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam. Malam, ka gode wa Allah da ya shiryar da yaron. Ka cire satalayit ɗin, ka karɓe wayar, ka kai shi makarantar haddar Alƙur'ani ta kwana. Ƙanena yana wata a hanyar Zariya, naira 120,000 muke biya a kowane zango har da abinci.

Maman Ilham:
Baban Salim, ina roƙonka da kada ka ɗauki wannan al'amari da sauƙi. Mahaifiyata tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, mace mai kaifin basira wadda ta rene mu a kan karatun boko da riƙon gaskiya, ba ta taɓa zuwa wurin boka ko malamin tsibbu ba. Bayan rasuwar mahaifinmu, mu duka mun yi aure mun watse, sai gida ya zama daga ita sai talabijin. A nan ta haɗu da wani mai ruƙiyya da yake sayen lokaci a wata tasha, yana jawo ayoyi, lambar wayarsa tana wucewa a ƙasan allo. Ta kira shi, ya ce mata ciwon sukarin da take fama da shi ba ciwo ba ne, sammu ne, kuma daga cikin dangi aka yi mata shi. Ta riƙa tura masa kuɗin fanshonta yana aiko mata da ruwan tofi da zuma, ta daina shan maganin asibiti ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ba mu farga ba sai da wani ɗan ciwo a ƙafarta ya ƙi warkewa, daga ƙarshe likitoci suka yanke ƙafar daga gwiwa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne har yau ba ta gaisawa da ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, domin ita mutumin ya siffanta mata. Da tana da ilimin addini tun farko da ta gane maƙaryaci ne, amma ayar farko da ya karanta ta rufe mata baki.

Tsohon Ma'aikaci:
Allah ya ba Hajiya lafiya, 'yata. Sai dai kada mu yi wa masu wa'azi kuɗin goro, domin karɓar addini daga akwati ba yau aka fara ba. Mu da muka yi aikin gwamnati a Kaduna, da yawanmu ba mu san ma'anar abin da muke karantawa a salla ba sai da muka riƙa sauraron tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello a Rediyon Kaduna duk watan azumi, har zuwa rasuwarsa a 1992, wasu kuma na Sheikh Ɗahiru Bauchi suke bi. Bambancin shi ne wancan karatu ne mai bin layi, aya bayan aya, shekara bayan shekara, mai sauraro yana jin hukunci tare da dalilinsa. Yaron yau kuwa minti biyu ake yanko masa daga karatun awa biyu, kuma wurin da malamin ya fi ɗaga murya ake zaɓa. Ɗana, ka ɗauko malami, amma ka shimfiɗa tabarma ka zauna tare da yaron, domin idan ya ga mahaifinsa ba ya cikin abin, to maganar mutumin talabijin za ta ci gaba da fin taka nauyi. Jikokina naira 15,000 ake biya musu a wata.

Maman Ilham:
Baba, naira 15,000 a wace shekara? Ni 40,000 nake biya a Barnawa, kwana uku a mako, kuma sai da na sallami malamai biyu saboda su ma daga bidiyon waya suke ɗauko abin da suke koyarwa. Har yanzu mutumin da ya cuci mahaifiyata yana fitowa a tashar, babu hukumar da ta ce masa uffan.

Ɗan Kagoro:
Ni Kirista ne, amma labarin Baban Salim kamar nawa ne. Mahaifinmu malamin kimiyya ne da ba ya shiga coci sai ranar ɗaurin aure ko jana'iza, kuma ni daga masu wa'azin talabijin na fara jin labaran Littafi Mai Tsarki. Game da hukuma da Maman Ilham ta ambata, a 2004 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana tashoshin Najeriya nuna al'ajiban warkarwa waɗanda ba a tabbatar da su ba, amma tashoshin satalayit suka ci gaba da shigowa ɗakunan mutane, ga kuma intanet ta zo daga baya. Abin da ya taimake ni shi ne wani dattijon fasto na unguwarmu wanda nake iya yi wa tambaya ya amsa, in ƙi yarda in sake tambaya. Talabijin ba ya jin tambayar yaro. Maganar abincin maƙwabciya kuma ta taɓa ni, domin mahaifiyata ta shekara da shekaru tana aika wa maƙwabta shinkafar Kirsimeti, yanzu wasu yaran dawo da kwanon suke yi.

Ɗan Rigasa:
Da girmamawa, wannan magana ce ta tarbiyyar yaro Musulmi, ya kamata a bar wa masu ilimi. Wanda ba ya cikin addinin, da wanda fushi yake magana da bakinsa, ba su ne za su ba da shawara ba.

Maman Ilham:
Malam, mai tambaya ya faɗa tun farko cewa ba fatawa yake nema ba, kuma ya ce ba zai cire satalayit ba, ba zai kai yaro makarantar kwana ba, amma su ka sake kawo masa. Wanda ya yi jinya a asibiti saboda wannan abu ya fi kowa cancantar a saurare shi.

Na Goggo:
Ku yi haƙuri in ɗan sassauta zaman. A gidanmu kakarmu ce take riƙe da rimot, don haka ƙanena ya haddace addu'o'i da dama, amma dukkansu ranar da Arsenal take wasa yake karanta su. Islamiyyar unguwarmu naira 3,000 ce a wata, Baban Salim.

Malama daga Yamai:
A nan Nijar makarantar gwamnati ta boko ba ta koyar da addini, sai dai madarasar da ke haɗa Faransanci da Larabci, wadda aka fara buɗe irinta a garin Say a 1957. Saboda haka 'ya'yan ma'aikata da yawa mun tashi kamar kai. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 aka samu gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu, wa'azi ya shigo kowane gida. Ni na zaɓi makarantar yamma, jika 5 na sefa a wata, domin yaro ya ga sa'o'insa, ya kuma gane cewa malamai ma suna saɓani a kan mas'ala ɗaya ba tare da sun kafirta juna ba. Ka je ka zauna a ajin sau ɗaya kafin ka biya.

Abu Hanan:
Ni abin da nake tambaya shi ne, ina amfanin darasin addini da ake yi a makarantun boko na Najeriya? Muna biyan kuɗin makaranta mai tsada, an rubuta darasin a jadawali, amma a makarantar 'ya'yana malamin da ke koyar da ilimin zamantakewa shi aka ɗora wa, yana kwafe musu littafi a allo. A 2017 an yi ta hayaniya a kan haɗe darussan addinin Musulunci da na Kirista a ƙarƙashin maudu'i ɗaya, har gwamnati ta ce a raba su, amma ban ji wanda ya tambayi ko akwai ƙwararrun malaman da za su koyar ba.

Tsohon Ma'aikaci:
Wannan gaskiya ne, Abu Hanan. A makarantar jikata ma an karɓi kuɗin littafin darasin tun zangon farko, har aka yi jarrabawa littafin bai zo ba, kuma da uwarta ta je bin ba'asi sai aka ce ta jira taron iyaye da malamai.