Ku taimaka: 0.044 ce amsata ko 0.087?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina aji biyu a jami'a, malamin ƙididdiga ya ba mu aikin gida, tun jiya nake juya shi. Ya kafa tambayar ne a kan binciken da Henry Wechsler na jami'ar Harvard ya jagoranta a 1993, inda aka tambayi ɗalibai 17,592 a kwalejoji 140 na Amurka, aka samu kashi 44 cikin ɗari suna kwankwaɗar barasa fiye da ƙima, wato namiji ya sha kofi biyar a jere, mace huɗu, ko da sau ɗaya cikin mako biyu da suka wuce. Sai malam ya ƙirƙiro wata kwaleji, ya ce an zaɓi ɗalibai 200, 76 suka amsa suna yi, kashi 38 ke nan. Tambayar: shin wannan kwaleji ta bambanta da kashi 44? Na samu z = -1.71 (z ma'auni ne na nisan 38 daga 44, idan aka yi la'akari da yawan ɗaliban). Ƙimar p tawa, wato lambar da ake duba ƙanƙantarta a yanke ko akwai bambanci, 0.087 ce, ta ƙawata 0.044. Ita ta ce akwai bambanci, ni na ce babu. Wa ya ɓata hanya?

Wani malamin lissafi: Wa alaikumus salam. 'Yata, lissafinku duka daidai ne, tambaya ce kuka amsa daban-daban. Ƙawarki ta duba gefe ɗaya: ko kwalejin ta yi ƙasa da 44. Ke kin duba gefe biyu: ko ta bambanta, sama ko ƙasa, shi ya sa taki ta ninka tata. Tunda malaminku "bambanta" ya ce, taki ce amsa, kuma 0.087 ta fi 0.05, iyakar da aka saba amfani da ita, saboda haka ba za a watsar da hasashen farko ba, wato cewa kason kwalejin 44 ne. Ki gaya wa ƙawar taki ana zaɓar gefe ne kafin a ga sakamako. Wanda ya ga 38 sannan ya ce ai dama ƙasa yake nema, ya harba kibiya ne ya je ya zana da'ira a inda ta faɗi.

Sai dai ki gyara bakinki. Kada ki rubuta "babu bambanci". Ki rubuta cewa hujjar ba ta isa a ce akwai ba.

Wata yaya: Ƙanwata, ga inda na taɓa zubar da maki. Na rubuta wai 0.087 na nufin yiwuwar hasashen farko ya zama gaskiya. Malam ya zagaye layin da jan biro har takardar ta huje. Ma'anarta ita ce: in da gaske 44 ne kason kwalejin, aka yi ta ɗibar ɗalibai 200 ana sakewa, kusan sau 9 cikin ɗari za a ga sakamakon da ya yi nisa da 44 kamar wannan, ko fiye.

Ki gwada wani abu don nishaɗi: bar 38 ɗin yadda yake, ki mayar da ɗaliban 2,000. Z za ta koma wajen -5.4. Tazarar ba ta canza ba, yawan mutanen ne ya ƙara wa hujjar nauyi.

Wani ɗalibi: Ni abin da ke damuna, wa zai faɗi gaskiyar abin da ya sha? A Amurka doka sai shekara 21, da yawansu kuwa ba su kai ba.

Wani malamin lissafi: Ka taɓo wuri mai kyau. Z ba ta gano wanda ya ɓoye, ba ta kuma gyara samfurin ɗaliban da aka ɗebo daga ƙofar ɗakin karatu kawai. 'Yata, ki ƙara layi ɗaya a kan wannan a ƙarshen aikin.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Malam, Yaya na gode. Bari in kira ƙawata kafin ta miƙa nata, ƙarfe goma ake karɓa.