Masu bincike da wayoyin mata a Tahoua

Malam Idi: Salamu alaikum jama'a. Abin 'yan ONG, ƙungiyoyin nan masu zaman kansu, ya isa. Su taso daga Yamai, su tara matanmu wai bincike kan cin zarafi ta waya, su karɓi lambobi, su naɗi murya, su tafi. Gobe su kira, miji ya ɗauka. Wa zai kashe wutar?

Hajiya Rabi: Matanmu? Malam, naka ne? Wannan "namu" ita ke sa miji ya yi rajistar layi da sunansa, ya riƙe lambar sirri, ya ce ai wayar gidansa ce.

Malam Idi: Hajiya, matan garinmu nake nufi.

Sani: Haba Hajiya, duk Bahaushe haka yake faɗa. Ku 'yan ONG ba ku son a taɓa ku.

Zali: Yaya Sani, ƙa'idar OMS, Hukumar Lafiya ta Duniya, kan irin wannan bincike a fili take: mace ɗaya a gida ɗaya, hira a keɓe, a shaida wa mutanen gida binciken lafiyar mata ne. Wani ya shigo, a juya zuwa tambayoyin da aka tanada na banza. A ajiye sunanta daban, amsarta daban, wata lamba ta musamman ce kawai ke haɗa su. Kuma ba a kira sai a lokacin da ita ta zaɓa.

Hajiya Rabi: Su ma masu "matanmu" sun san hanya. Minti ɗaya da wayarta, miji ya haɗa WhatsApp ɗinta da tasa, har na'ura 4 ake haɗawa. Ta duba Appareils connectés, wato jerin na'urorin da aka haɗa, ta sa lambar tabbatarwa mai alƙaluma 6. Amma kar ta cire shi da gaggawa, zai gane, dukan ya biyo baya. Ta fara ɗaukar hoton allo da kwanan wata, ta tura wa wadda ta yarda da ita.

Sani: To ga koyar da ɓoye wa miji!

Zali: Dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan, amma kai wa komisariya ba hujja, aikin banza ne.

Sani: Dokar da ake kama 'yan jarida da ita? Ku 'yan Yamai komai doka.

Zali: Ni 'yar Adar ce, Yaya, kar ka maida ni baƙuwa.

Malam Idi: Jama'a, maganar lambobin fa?

Shugaban zaure: A taƙaice, Hajiya ta yi gaskiya, Zali ta kawo ilimi, Sani ya zo neman faɗa. Malam Idi ya gyara harshensa. An rufe.

Sani: Ai matarka a ONG take aiki.