Neman shawara: makirufo da shirya rubutu don ɗora murya

Sabon Shiga: Assalamu alaikum manyanmu. An ba ni aikin sanarwar rediyo ta daƙiƙa 30, da kuma ɗora murya a kan bidiyo na minti uku. Laftof gare ni da waya, ba ni da makirufo. Wanne zan saya? Rubutun ma da Turanci suka turo, wai ni zan mayar da shi Hausa.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bar zancen makirufo tukuna, faɗa mana yanayin ɗakinka. Tayil ne a ƙasa ko kafet? Akwai labule? Taga tana kallon titi?

Sabon Shiga: Tayil ne Yallaɓai, rufin kwano da silin. Tagar tana kallon lungu.

Injiniya: To dainamik za ka saya, wato makirufon da ya fi ɗaukar muryar da ke kusa da shi, ba ya kwaso ƙarar nesa sosai. Nemi Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x. Dukansu suna da USB da XLR (kebul ɗin makirufo na situdiyo), yau ka soka a laftof kai tsaye, gobe in ka samu hali ka sayi akwatin haɗa makirufo da kwamfuta irin Focusrite Scarlett Solo ko Behringer UMC22 ka ci gaba da amfani da shi. Tayil da bangon siminti suna dawo da murya, amsa-kuwwar nan kuwa in ta shiga fayil fitar da ita aiki ne, kuma muryar ba ta komawa daidai. Shimfiɗa darduma ko kafet, jingina katifa a bangon da ke bayanka, rataya bargo mai kauri a gefe biyu. In akwai wadirof cike da kaya, buɗe shi ka fuskance shi kana magana.

Ɗan Kurmi: Ni dai ban yarda ba. Duk situdiyon kirki kwandensa ake amfani da shi, makirufon nan mai saurin jin sauti. AT2020 ko Rode NT1, muryar ta fi fitowa tas.

Injiniya: A situdiyon da aka lulluɓe bangonsa, haka ne. A ɗakin tayil kwandensa zai kwaso masa ƙarar fanka, carar zakaran maƙwabta da hon ɗin adaidaita sahu. Ga shi sai ya sayi akwatin da zai ba shi wutar 48V, kuɗi ya ninka ke nan.

Ɗan Kurmi: Ai sai ya tace ƙarar a manhajar gyaran sauti ta Audacity.

Injiniya: Tacewar nan ce ke kashe murya. Noise Reduction, wato rage ƙara, in ya wuce 12 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) sai mutum ya koma kamar mai magana daga cikin randa. Tsakanin 6 da 9 ya isa, shi ma sai in ƙarar iri ɗaya ce ba ta canzawa. Hon da kukan yara ba sa tacuwa, sai dai a sake ɗauka.

Hajiya Mai Sanarwa: Ku maza kullum rigimarku a kan ƙarfe take. Ɗana, abin da zai sa a dawo maka da aiki rubutun ne, shi zan yi maka bayani, ka yi haƙuri da tsawo.

Rubutun Turanci na daƙiƙa 30 in ka bi shi jimla bayan jimla, Hausarsa za ta zarce lokaci. Wani kamfani ya taɓa kafe mini cewa sai kowace kalma ta fito, aka ɗauka da gudu, gidan rediyo ya yanke ƙarshen, lambar wayar da aka biya kuɗin tallan dominta ita ce ta tafi, sannan suka ce laifina ne suka riƙe cikon kuɗina. Saboda haka tun kafin ka buɗe baki ka gaya musu ma'ana za ka ɗauko, ba kalmomi ba. Karanta Turancin sau biyu, kife takardar, ka faɗi saƙon yadda za ka gaya wa gwaggonka, sannan ka rubuta abin da ka faɗa. Daƙiƙa 30 tana ɗaukar kalma kusan 70 a karatu na natsuwa. In akwai kiɗan buɗewa da na rufewa, sauko wajen 60. Kada ka tsaya ga lissafi kawai, kunna agogon waya ka karanta da ƙarfi yadda za ka yi a gaban makirufo, ka nufi daƙiƙa 28.

Lambobi duk a rubuta su da kalmomi. In ka bar 12,500 a takarda, bakinka zai tsaya yana lissafi, kuma tsayawar tana fitowa a sauti. Rubuta dubu goma sha biyu da ɗari biyar. Lambar waya a kasa ta gida uku: huɗu, uku, huɗu, a faɗe ta sau biyu in lokaci ya bari. Ka tambaye su tun farko, da Hausa za a karanta lambar ko da Turanci, domin wasu masu talla sun fi son Turancin.

Haruffa masu lanƙwasa ba ado ba ne. Kare daban ƙare daban, kasa daban ƙasa daban. Gboard yana da Hausa, saka shi. In za ka tura wa wani ya karanta, mayar da shi PDF, domin wasu kwamfutocin suna mayar da ƙ da ɗ da ɓ akwatuna. Sai kalmomin da rubutunsu ɗaya amma furucinsu ya bambanta, kamar gari na zama da gari na tuwo, ko kuka ta miya da kuka na hawaye. Ja layi a ƙarƙashinsu ko ka ninka wasalin da ake ja, gaari, don kada ido ya yaudari baki. Sanda ɗaya / wurin ɗan tsayawa, sanda biyu // wurin shan numfashi. Kalma ɗaya tak za ka danna a kowace jimla, in ka danna uku babu wadda za a ji. Rubutu manya, lamba 14 ko 16, da tazara tsakanin layuka, kuma kada jimla ta tsallaka daga shafi zuwa shafi, ƙarar juya takarda tana shiga.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi komai: tura musu Hausar su amince a rubuce kafin ka ɗauka. Sunan kaya da sunan unguwa su turo maka da murya yadda suke furta shi.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri Hajiya. Na bidiyon fa, haka zan yi?

Hajiya Mai Sanarwa: Shi tebur za ka zana mai gida uku: lokaci, abin da ake gani, abin da za a faɗa. Misali 00:12 zuwa 00:19 ana nuna wanke hannu, maganarka ta dace da daƙiƙa bakwai ɗin nan. Ka shigo rabin daƙiƙa bayan hoton ya canza, ka fita kafin ya sake canzawa.

Badamagare: Ƙari a kan maganar Hajiya, a tambaya su wa za su saurara. In sanarwar za ta ƙetaro Maraɗi ko Damagaram, kuɗi da dala muke lissafi. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika ɗaya sefa 1000. In ka ce sefa ɗari biyar a tallan kasuwa, tsohuwa sai ta tsaya juyawa a ka, dala ɗari za ka ce. Makaranta ma lakwal mutane da yawa ke cewa. A rubutu kuma mu ƴ muke sawa inda ku ke sa 'y.

Ɗan Kurmi: Ga bayinmu sun iso, za su koya wa Kano Hausa.

Badamagare: Ku fara koyon faɗin sunan garinmu daidai tukuna, bawan Damagaram.

Ɗan Kurmi: Hausar labarai dai ta Kano ce, ko ka so ko ka ƙi.

Malamin Hausa: Daidaitacciya ta ginu a kan Kananci, gaskiya ne, kuma ita ta fi dacewa da sanarwar da za ta zagaya jihohi. Amma tallan taki da za a sa a Sakkwato kaɗai, in aka yi shi da harshen wurin ya fi shiga kunnen manomi. Abin da ba a so shi ne gauraya, jimla ɗaya Kananci ta gaba Sakkwatanci.

Injiniya: Mu dawo kan ɗauka. Tsakanin baki da makirufo taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20 a kwandensa, dainamik kuwa matso zuwa faɗin yatsu huɗu. Kada ka fuskance shi tsaf, ɗan karkatar da shi gefen baki don iskar f da b ta wuce ta gefe. Sa fof filta, ragar da ke tare iskar baki, in babu, ɗaura safar nailan a zoben waya, aikin ɗaya ne. Saita gen, wato ƙarfin shigar sauti, yadda maganarka za ta riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6 dB, in ta taɓa sifili ta fashe, babu gyara. Ɗauki WAV (fayil ɗin sauti da ba a matse ba), mono, 24 bit. Na bidiyo 48 kHz, na rediyo tambayi gidan, wasu 44.1 suke karɓa. Kafin ka fara magana yi shiru na daƙiƙa 15 makirufo na kunne. Shirun nan da shi za ka cike gurbin da ka yanke, kuma da shi za ka auna ɗakin, ana so ya zauna wajen -60 dB ko ƙasa.

In kana jin wani gurnani a ƙasan sautin, wutar 50 Hz ce ta biyo caja. Zare cajar laftof ka ɗauka da batir. Waya a yanayin jirgi, nesa da kebul. Fanka da AC a kashe, ka daure zafin minti goma. Lokaci mafi kyau bayan Isha'i can da dare in janaretocin unguwa sun lafa, ko bayan Asuba kafin gari ya waye sosai, amma ka ɗan motsa muryar da karatu na minti biyar don ba ta gama farkawa ba.

Mai Tace Sauti: Abu ɗaya da masu koyi daga bidiyon Turawa ke faɗawa ciki: ƙ da ts namu a allon kwamfuta tsini suke yi siriri, manhajar cire ƙas-ƙas ɗin baki tana ɗaukarsu datti ta goge. Sai ka ji ƙasa ta koma kasa, tsari ya zama sari. In za ka yi amfani da ita, sassauta ta, ka saurari kowace ƙ da hedfon bayan ka gama. Noise Gate, mai toshe sauti in ya yi ƙasa, ma haka, yana cinye wasalin ƙarshen jimla. Jerin aikina: yanke kurakurai, cire duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, tace ƙara kaɗan in akwai buƙata, kwamfuresa mai daidaita hawa da saukar murya 2:1 ko 3:1, sannan ƙarfin sauti. A ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, YouTube wajen -14, fodkas -16, ma'aunin EBU R128 na gidajen watsa labarai -23. In mai haɗa bidiyo ne zai karɓa, ba shi muryar zalla ba kiɗa, shi zai daidaita.

In ka yi tuntuɓe kana karatu kada ka tsayar da ɗauka. Tafa hannu sau ɗaya, ka koma farkon jimlar. Tafin zai fito tsaye a allo, ka gane wurin yanka nan take.

Ɗan Kurmi: Kuma ban da goro kafin ɗauka.

Hajiya Mai Sanarwa: Da shayi mai madara, da fura da nono, da ruwan sanyi. Ruwa mai ɗumi a riƙa kurɓa tun awa guda kafin a fara. Lokacin hunturu a shafa man leɓe, busasshen leɓe yana ƙas-ƙas a makirufo.

Baba Tsohon Ma'aikaci: Ɗan nan, ka tsayar da maganar kuɗi kafin ka taɓa makirufo. Rabi a hannu. A rubuta inda za a sa muryar, rediyo ne kawai ko har Facebook da talabijin, kuma wata nawa. Gyara ɗaya kyauta in kuskurenka ne, in su suka canza rubutu bayan sun amince, sabon kuɗi ne. Ka ƙara layi ɗaya cewa ba ka yarda a ciyar da muryarka ga manhajar kwaikwayon murya ba. Samfurin da za ka fara turawa ya zama MP3 da ɗan kiɗa a ƙasa, WAV sai an cika. Aikin yana nan ga masu yi da kyau, tun 1 ga Oktoba 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta hana amfani da muryoyin 'yan ƙasar waje a tallan Najeriya. In kuma tallan magani ne, tambaye su amincewar NAFDAC, kada muryarka ta fita tana cewa abu yana warkar da cuta goma.

Mai Tace Sauti: Baba ya tuna mini, in ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin dokumen. Saƙon murya matse shi ake yi, wahalarka duk ta zube.

Sabon Shiga: Na gode Baba, na gode kowa. Hedfon fa, na waya zai yi?

Injiniya: Mai rufe kunne ruf, mai kebul. Bulutut yana jinkiri, buɗaɗɗe kuma yana zubo sauti cikin makirufo. Sony MDR-7506 in da hali, in babu ATH-M20x.

Ɗan Kurmi: Injiniya, har yanzu ina kan bakata. Turo muryarka a Q2U ɗin, in turo tawa a NT1, zaure ya yanke hukunci.

Injiniya: Na yarda, da sharaɗin a ɗakin tayil za ka ɗauka, taga a buɗe.

Badamagare: Ku zaɓi jimlar da ke da ƙ da ts da yawa, kuma Malamin Hausa ne alƙali, ba Bakano ba.