Kala giredin: a kira shi "rinin hoto" ko akwai mai wadda ta fi?

'Yan uwa masu tace hoto na Zariya da kewaye, ina neman mu tsayar da magana ɗaya kan abin da muke kira kala giredin, wato ba wa bidiyo launin da mai aiki ya zaɓa, da sunan da za mu ba shi a Hausa. Yanzu duk abin da ya shafi launi a bidiyo, "gyaran kala" muke ce masa, kuma wannan dunƙulewar ce ke sa in matsala ta taso a rasa ta inda za a ɓullo mata.

Yaro zai turo saƙo daga shagonsa a Sabon Gari: "Oga, kala ta lalace." Shi ke nan bayanin. To wace lalacewar? Akwai aƙalla uku, kuma maganinsu bai haɗa hanya ba.

Na farko: wani ya ɗauko biki da kyamarar Sony a kan tsarin ɗaukarta da ake kira S-Log, ya zuba a manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve, ya ga hoton ya yi toka-toka kamar an ɗauke shi a tsakiyar hazon hunturu. Babu abin da ya lalace. Da gangan kyamarar ke adana shi a kwance haka don kada haske da inuwa su ƙone, sai an juya shi zuwa Rec.709, ma'aunin launin da talabijin da yawancin wayoyi ke ganewa. Wani kuma ƙawar amarya ta ba shi bidiyon iPhone ya haɗa da nasa, sai fuskoki suka yi fari fat. Tun daga iPhone 12 ta 2020 wayar ke ɗaukar bidiyon HDR, wato mai faɗin haske da launi fiye da na Rec.709, shi kuwa aikinsa ba a kan HDR yake ba. Wannan ma juyawa yake so, ko a roƙi mai wayar ta kashe HDR tun kafin ranar kamu. Irin wannan aikin na ga ya dace mu ce masa juyin kala, kuma ban ji wanda ya ja ba.

Na biyu shi ne inda hasken ya yi gardama. Zauren biki mai taga a buɗe da ƙwan lantarki mai ja-ja: a ma'aunin launin haske da ake kira kelbin, hasken rana na wajen 5600, ƙwan na wajen 3200, sai farar shaddar ango ta fito ruwan ƙwai ta gefe ɗaya, shuɗi-shuɗi ta ɗayan. Mayar da fari ya koma fari, fata ta koma fatar mutum, kyamara ta ɗaya ta yi daidai da ta biyu, shi ne kala korekshin. Daidaita kala ya ishe shi suna.

Na ukun, wato kala giredin ɗin kansa, shi ne ba shi da suna a Hausa. An juya, an daidaita, komai ya zauna daram, sannan mai aikin ya ce ina son hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau ya fito da ɗumi, jan alkyabba ya ƙara kauri, ƙurar dawakai ta yi ruwan zinariya. Ko kuwa wurin makoki a fim ya yi sanyi, ya dusashe. A nan babu kuskuren da ake gyarawa, zaɓi ne. Ni abin da na kawo shi ne rinin hoto.

Dalilina na marina ne. Marini ba ya tsoma riga mai datti a karofi, sai an wanke ta tukuna, kuma in ta fito saƙarta da zarenta duk ana gani, launi ne kawai ya shige ta. Haka aikin yake: daidaitawa a gaba, rini a baya. Mafi yawan hoton da ake kawo mini fatar amarya ta koma ruwan lemo, an kifa masa LUT ne, wato shiryayyen haɗin launi da ake ɗora wa bidiyo, tun bai daidaita ba.

Wani malaminmu a Samaru ya ce a ce adon kala. Malam, Allah ya ƙara sani, amma ado ƙawatawa ne, mu kuwa wani lokaci munana hoton muke yi da gangan don mai kallo ya ji tsoro ko ƙunci. Wani ƙanena daga Tudun Wada ya ce fenti. Fenti rufewa yake yi, abin da ke ƙasa ya ɓace. Suka mai nauyi ita ce wadda ta ce rini in ya kama ya kama, alhali a Resolve ko manhajar Premiere kana iya kashe komai hoton ya koma yadda yake. Gaskiya ne, na karɓa. Sai dai ban ga hakan ya hana a gane abin da ake nufi ba.

Abin da ya fi ja na shi ne kalmar tana tanƙwaruwa a baki. "Ka rina fim ɗin?" "Turo mini rinanne, ba ɗanyen ba." "Wa ya yi muku rini?" Gwada wannan da "giredin" ka ji yadda harshe ke sarƙewa. Na kuma san akwai masu jira su ce da ma an san za a rina, wai an saci zanen mahaukaciya. Na riga ku.

In mun amince, tambayar farko ga mai kuka ta zama: juyi ne, daidaito ne, ko rini? In ba ko ɗaya ba, a duba wani wajen. Bidiyon da ya fita lafiya daga kwamfuta ya isa wayar mai biki a dagargaje, WhatsApp ne ya matse shi, a tura shi a matsayin dokumen. Hoton da ke ƙyaftawa a ƙarƙashin wasu fitilu kuma tun wurin ɗauka ne: wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, shi ya sa ake ɗauka a firem 25 a daƙiƙa da saurin shota 1/50 na daƙiƙa. Babu rinin da zai cire wannan.

Saura LUT. Wani ya ce shuni, tunda haɗaɗɗen launi ne da ake ajiyewa a ɗauko. Matsalar ita ce akwai LUT na juyi, akwai na rini, kuma shuni na biyun kawai ya kama. Masu karatun Hausa na ABU da ke cikinmu, ku sa baki a wannan.