Ina ya kamata kamfanin kayan kwalliya ya buɗe rassa? Taƙaitawar shawarwari

Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun haɗu a kan abu ɗaya: kada a shimfiɗa taswira a ce sai kowace jiha ta samu shago. A bi inda jama'a suka yi yawa. Ko Sephora, mai shagunan sayar da kayan kwalliya daga Faransa, da ta shiga Amurka a 1998, a New York ta fara.

Shawarar da ta fi kwanta mini a rai ita ce ta shago a cikin shago. Maimakon kama haya a ƙaramin gari, sai a ɗauki kusurwa a babban kantin da mutane suka saba shiga, kamar yadda Sephora ta yi da manyan kantunan Amurka, JCPenney daga 2006, sannan Kohl's daga 2021. Mace ta shigo sayen tufafi, sai ta tsaya ta goga hoda a bayan hannunta, ta ga ko ta dace da fatarta. Wannan kam intanet ba ya bayarwa.

Wasu sun ce a duba inda odar intanet ta fi fitowa, nan reshe na gaba. An kuma ja kunne kan yankuna masu zafi, domin janbaki kan narke a doguwar tafiya.