LSAT: kullum amsa biyu ke rage min, kuma sai na ɗauki wadda ba ita ba

Autan Gida:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Amurka nake zaune, na gama digirin farko a lissafin kuɗi, yanzu burina makarantar lauyoyi. A nan ba a karatun lauya sai bayan digirin farko, kuma yawancin makarantun LSAT, wato jarabawar neman shiga, suke tambaya. Makinta daga 120 ne zuwa 180. Wata uku ke nan ina gwaji a gida, na kafe a 152, ba gaba ba baya.

Ɓangaren auna hujja ne ya sha min kai. Tun watan Agustan 2024 hukumar LSAC mai shirya jarabawar ta cire ɓangaren nan na jera abubuwa bisa ƙa'ida, wanda shi ne da zai yi wa ɗan lissafi irina daɗi. Yanzu cikin ɓangarori 3 da ake ba maki, 2 na auna hujja ne. Minti 35 kowane, tambayoyi wajen 25, wato ko minti ɗaya da rabi ba ka da shi a kan tambaya guda.

Ga irin abin da ke kayar da ni. An ce hukumar wani gari ta sa fitilu a wata unguwa, sata ta ragu, sai hukumar ta ce fitilun ne suka rage ta. Wace amsa ce ta fi raunana maganar? Cikin biyar na zubar da uku. Saura ɗaya mai cewa mazauna unguwar na ganin an kashe kuɗi fiye da kima a kan fitilun, da ɗaya mai cewa a watan ne aka ƙara 'yan sandan sintiri. Na ɗauki ta farko, don zuciyata ba ta yarda da hukumar ba. Na faɗi. Wallahi abin yana hana ni barci, domin na ajiye aikin dare saboda karatun nan. Ta ina zan ɓullo masa?

Yaya Babba:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ina shekara ta biyu a makarantar lauyoyi, kuma ramin da ka faɗa ni ma na kwana a cikinsa.

Kai da hukumar ka yi faɗa, ba da hujjarta ba. Matsayarta ita ce fitilu suka rage sata. Tsadar fitila ba ta taɓa wannan ko da ɗan yatsa. Sintiri kuwa ya kawo wani dalili dabam da zai iya zama shi ya kori ɓarayin. Abu biyu su faru a jere ba ya nufin na farko ne ya haifi na biyu, kuma wannan tarkon za ka yi ta gamuwa da shi har ka gaji.

Kafin ka kalli amsoshin, ka ware matsaya, ka ware hujja, sannan ka faɗa wa kanka da bakinka inda giɓin yake. Hujjar da aka ba ka, karɓe ta yadda take, ko ka san a duniya ba haka ba ne. Tsallen da aka yi daga ita zuwa matsaya shi ake tuhuma.

Gwada wannan. Mota ba ta tashi sai da mai. Motar nan akwai mai a cikinta. Za ta tashi?

Autan Gida:

Yaya, abin da ya fara zuwa raina shi ne ai akwai mota mai lantarki.

Yaya Babba:

To ka ga ciwon da idonka. An ce maka sai da mai, ka bar shi a haka. Amsar ita ce ba mu sani ba, domin man fetur sharaɗi ne na dole, amma shi kaɗai bai wadatar ba. Ƙila batir ya mutu. Abin da za ka iya rantsuwa a kai biyu ne: in ta tashi akwai mai, in babu mai ba za ta tashi ba. Mu Hausawa mun ma yi sa'a, kalmar “sai” tana ɗauke da wannan ma'ana tsaf. Duk inda na ga “unless” ko “only if”, a raina nake mayar da jimlar zuwa “sai da”, nan take na ga wane ne dole.

Maman Biyu:

Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa. Ni da goyo na yi shirin, saboda haka lokaci ya fi min komai tsada. Shawarata ka ajiye agogo na mako biyu. Ɗauki tsofaffin jarabawowin LSAC da ke shafinsu na intanet mai suna LawHub, ka yi tambaya goma a natse, kowace amsa da ka zubar ka rubuta dalilin zubar da ita a littafi. Da na duba nawa littafin, sai na ga kusan kuskure iri ɗaya nake ta maimaitawa.

Tambayar da ke neman abin da mai magana ya dogara da shi bai furta ba, ƙaryata amsar ka gani. In ka ƙaryata ta hujjar ta rushe, ita ce. In hujjar na tsaye daram, wuce.

Kuma ka kula da ƙananan kalmomi. “Some” a wurinsu ko guda ɗaya ne ya isa, yana ma iya zama duka. “Most” kuwa fiye da rabi ne, ko da mutum ɗaya aka ɗara. Ranar jarabawa kada ka bar gurbi, ba a rage maki don kuskure.

Autan Gida:

Allah Ya saka da alheri, Yaya da Anti. Na koma kan tambayoyi 9 da na faɗi ranar Asabar, na yi su ba agogo. A 6 daga ciki, abin da na sani a waje na shigo da shi. Sauran ukun duk masu “unless” ne, kuma ɗaya har yanzu ta ƙi zama da “sai da”. Yaya, in na kwafo jimlar nan gobe bayan asuba, za ka duba min?